Dan Allah a taimaka min da query ɗin SQL na bishiyar zuri'armu

Salam jama'a. Kwana uku kenan ina fama da abu ɗaya wallahi har barci ya gagare ni. Baffana ne ya sa ni in tattara sunayen zuri'ar kakanmu nan Kofar Marusa a Katsina kafin taron zumunci na bayan sallah, sai na zuba su a MySQL (manhajar ajiye bayanai), tebur ɗaya mai suna mutane, akwai id da suna da uba_id, uba_id ɗin yana nuna id na mahaifi a cikin teburin.

Fito da 'ya'yan mutum ba wahala. Jikoki ma na yi self join, wato haɗa teburin da kansa, ya ba ni, amma tattaɓa-kunne zuwa ƙasa sai in ta ƙara join kuma wani reshen tsatso huɗu ne wani ya kai bakwai, ban san inda zan tsaya ba.

Na gwada WITH RECURSIVE (umarnin da ke maimaita bincike mataki bayan mataki) a laftof ɗina mai MySQL 8, sai ya tsaya da error 3636 wai ya wuce zagaye 1000. Zargina maimaita suna ne, a gidanmu Muhammadu sun fi goma duk sunan kaka aka mayar, ƙila wajen shigarwa na maida jika uban kakansa shi ya sa yake ta kewaya. Ya zan gano layin da ya ɓata ba sai na bi ɗaya bayan ɗaya ba?

Sannan sabar da zan ɗora shi MySQL 5.7 ke kanta, ita ba ta ma san WITH RECURSIVE ba. In koma closure table (tebur na daban mai haɗa kowa da duk zuri'arsa) ne ko akwai wata dabara? Baffa kullum sai ya tambaye ni bayan magariba.