Shawarwari kan ziyartar gidan tarihin tsaunuka na Fokara

Waɗanda suka taɓa zuwa gidan tarihin nan na birnin Fokara a Nepal, wanda aka buɗe a 2004, bakinsu ya zo ɗaya kan lokaci: a je tsakanin Oktoba da Nuwamba, kuma da sassafe, kafin gajimare ya lulluɓe tsaunukan Annapurna da ake hangowa daga wurin. A damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, sai dai a ga hazo.

Kada a yi gaggawa a zauren ƙabilu, in ji yawancinsu. Can ake ganin tufafi da tukwanen Sherpa da Gurung. Matasa kam sun fi ɗokin tsofaffin takalma da igiyoyin hawa da labarin Tenzing Norgay, wanda ya taka ƙololuwar Everest, tsauni mafi tsawo a duniya, a 1953. Wasu sun ce sa'o'i biyu sun wadatar. Ni dai da yara, zan ware uku.