Me dodannin da ke jikin gine-ginen Turai suke nufi?

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum, malamai. Na ga hotunan majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, inda aka sassaƙa halittu masu fukafukai da ƙahoni suna leƙo gari daga sama, kuma abin ya tsaya mini a rai. Me zai sa mutane su ƙawata wurin ibadarsu da siffofin dodanni?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗanda suka miƙo wuya da baki a buɗe indararo ne, aikinsu zubar da ruwan sama nesa da bango. Waɗanda ke zaune a kan baranda kuwa magini ɗan Faransa Viollet-le-Duc ne ya ƙara su lokacin gyaran majami'ar a ƙarni na 19. Sunan wannan salo na siffofin dodanni, wato "grotesque", ya fito ne daga kalmar Italiyanci mai nufin kogo, domin wajen shekarar 1480 mutanen Rum sun faɗa cikin ɗakunan fadar Sarki Nero, wadda aka gina bayan gobarar shekarar 64, ƙasa ta riga ta binne ta har suka zaci kogo ne. A bangayen suka tarar da rassan tsirrai masu ƙarewa da kan mutum ko jikin tsuntsu, kuma irin wannan zane ne masu zane biyu, Raphael da kuma Giovanni da Udine, suka ƙawata barandar Vatican, fadar Paparoma, da shi wajen 1519.

Mai Nazarin Ado: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ana yawan cewa an yi su ne don korar miyagun iskoki, ko don tuna wa mai shiga majami'a cewa sharri yana waje, amma ni ina ganin bai kamata a ɗora musu ma'ana guda ba. Hujjata ita ce Bernard na Clairvaux, babban malamin Kirista, wanda wajen 1125 ya koka cewa waɗannan birai da zakoki da halittu masu kawuna da yawa suna shagaltar da masu ibada daga karatu, ga kuma ɓarnar kuɗi. Da a ce ma'anarsu ta addini a fili take, da mutum irinsa bai tambayi amfaninsu ba.

Ɗalibin Zane: Na gode ƙwarai. To, su mutanen Rum na dā, sun karɓi salon ba tare da gardama ba?

Malamin Tarihi: A'a, ɗan'uwa. Tun kafin zamanin Nero, magini Vitruvius ya soki masu zana siririn kara yana ɗauke da rufin ɗaki, yana mai cewa abin da ba zai yiwu a zahiri ba bai cancanci a zana shi a bango ba.