Bindigar wasa mai harsashin soso, za a iya sa ta riƙa harbi da kanta?

Abban Hanif:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar lantarki. Irin bindigogin wasan nan masu harba harsashin soso, wanda sai ka ja sifirin baya kafin kowane harbi, shin zai yiwu a haɗa mata moto da batir ta yadda in ka danne kunama kawai ta yi ta zubo su a jere ba tsayawa? Ina da tsohuwa ɗaya mai sifirin da ƙananan moto biyu da na ciro daga motar wasa, so nake in san abu ne mai yiwuwa kafin in kwance ta.

Sani Mai Waya:
Wa alaikumussalam malam. Ai wannan an daɗe da wuce wajen, Nerf na kamfanin Hasbro sun fitar da Vulcan EBF-25 tun 2008, bel take ci mai harsashi 25, manyan batir D guda shida, tana fitar da wajen uku a sakan ɗaya. A 2010 suka kawo Stampede. Duk biyun moto ne ke juya giya, wato faifai mai haƙora, giyar ta matse sifirin ta sake shi, fiston ya tura iska, iskar ta turo harsashin. Daga baya aka fi komawa tsarin taya biyu masu juyawa da gudu, harsashi na shiga tsakaninsu su cafke shi su wurgo shi waje, irin RapidStrike ta 2013 ke nan.

Amma taka mai sifirin ɗin nan gaskiya ban ba ka shawara ba, moton motar wasa ba zai iya jan sifirin ba sai da giya masu yawa, kuma giyar roba in ta sha wannan nauyin haƙoranta cinyewa suke.

Abban Hanif:
Na gode sosai. To in na bar sifirin ɗin na yi taya biyun da moton da nake da su fa, shi ke nan an gama?

Injiniya Bilki:
A'a ɗan'uwa, nan ne ma aikin ya fara. Taya biyun wurgi kawai suke yi, dole akwai abin da zai riƙa tura musu harsashi ɗaya bayan ɗaya daga magazin, shi ya sa RapidStrike moto uku gare ta, na ukun aikinsa turawa kawai. Ita kuwa Stryfe, wata bindigar Nerf ɗin, moto biyu gare ta, yatsanka ne ke turawa, shi ya sa ɗaya-ɗaya take harbi, kuma ita mutane suka fi ɗauka su ƙara mata mai turawa, ko moto mai giya ko solanoid, wato maganaɗisun lantarki mai tura ɗan sanda in wuta ta shige shi.

Matsalar da za ta fi ba ka wahala ita ce duk harsashin da ya wuce sai ya rage wa tayoyin gudu, in mai turawar ya kawo na gaba kafin su dawo daidai sai ka ga na farko ya je nesa, na uku ya faɗi kusa da ƙafarka, na huɗu kuma ya lanƙwashe a tsakani ya cushe komai, kuma moto in ya tsaya cak wuta na shigarsa zafi yake ɗauka nan da nan har ka ji ƙauri. Batir na yau da kullum ba ya iya ba da wuta da yawa lokaci guda, shi ya sa masu gyara suke komawa LiPo, wani irin batir ne da ake caji mai ba da wuta da yawa lokaci guda, mai gida biyu volt 7.4, mai gida uku 11.1. To in ka sa shi kuma siraran wayoyin ciki da ƙaramin makunnin ba za su ɗauka ba, sai ka sake waya mai kauri da makunni mai ƙarfi, sannan moton ma ya zama wanda aka yi don wannan wutar. LiPo da cajarsa ta musamman ake cajinsa, in ya huje ko ya kumbura yana iya kama wuta, kar a bar wa yaro shi.

Sai tazarar tayoyin. Kaurin harsashin wajen milimita 13 ne, tazarar dole ta ɗan gaza haka don su matse shi, in ta yi faɗi santsi zai yi, in ta matse da yawa ta yage kan. Kuma tsofaffin harsasai da suka yi laushi ko aka taka su, su ne rabin cushewar da ake fama da ita, ka ware su gefe tun farko.

Baban Ummi:
Duk abin da Injiniya ta faɗa haka yake. Ni dai abin da zan ƙara, in yara ne za su yi wasa da ita kar ka ƙara mata ƙarfi, harsasan bindigogin kamfani wajen ƙafa 70 a sakan suke tafiya kuma ko a haka in ya sami ido ba ƙaramin abu ba ne, balle mai zubo su a jere. A sa gilashin kare ido, kuma kar a shafa mata baƙin fenti ta koma kamar ta gaske.

Sani Mai Waya:
Malam Abban Hanif ka fara gwada taya biyun kaɗai a kan katako, ka riƙa tura harsashin da hannu, in sun wurga shi miƙe kuma suna dawowa gudunsu da wuri sai ka zo mu yi maganar mai turawa.