Yaron da aka raba da yarensu, shi ɗan ina ne?

Ɗalibar Tarihi:
Salam jama'a. Jiya na raba dare ina karanta labarin makarantun kwana da gwamnatin Kanada da coci-coci suka riƙa kai 'ya'yan mutanen asalin ƙasar, wallahi abin ya tsaya min a rai, yara wajen 150,000 aka ƙwace daga hannun iyayensu, a aske musu gashi a canza musu suna, wasu ma da lamba ake kiransu, in ka yi yarenku a zane ka. Kuma ba tsohon labari ba ne fa, har cikin shekarun 1990 akwai sauran makarantun. To yaron da ya dawo gida kakarsa na magana yana kallon bakinta ba ya jin komai, shi ɗan ina ne kenan?

Baban Yara:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ɗan gidansu ne mana, wannan ba a ja. Amma ki duba me aka yanke, sunan wancan dutsen, inda aka binne kakanni, wane ganye ne magani, duk a bakin kakar nan yake kuma da yarensu ta riƙe shi, ranar da ta rasu shikenan an binne da ita. Da gangan aka yi. Ostareliya ma Turawan Ingila ɗauka suka yi ƙasar ba ta da mai ita alhali mutane na zaune a kanta dubban shekaru, sai 1992 kotu ta rushe wannan a shari'ar Mabo, shi Eddie Mabo ɗin, ɗan asalin ƙasar da ya jagoranci shigar da ƙarar, ma ya rasu watanni kaɗan kafin hukuncin, bai gani ba.

Uwar Biyu:
Ni dai yaya ban yarda komai ya tafi ba. Maori, mutanen asalin New Zealand, da suka ga yarensu na mutuwa, a 1982 suka fara tara ƙananan yara wajen tsofaffi, a wuni ana musu waƙa da hira da yaren zalla, 1987 ya zama harshen hukuma. Jikoki ke jin abin da aka hana iyayensu.

Ɗalibar Tarihi:
Anti wannan ya ɗan sanyaya min rai. Amma su iyayen da ke tsakiya fa, ɗanka na magana da uwarka kai kana gefe sai an fassara maka?

Uwar Biyu:
Da yawansu ajin manya suka shiga, da furfurarsu.