Ni hafsan sojan ko-ta-kwana ne a Amurka, an ƙi sayar mini da ƙaramar bindiga a jihar da aka tura ni

Assalamu alaikum. Hafsa ne ni a rundunar ko-ta-kwana ta sojan ƙasan Amurka. Gidana da lasisin tuƙina na jihar Jojiya ne, amma yanzu an kira ni aiki na cikakken lokaci a wani sansani da ke Birjiniya.

Na je sayen ƙaramar bindiga ta kaina wajen dila mai lasisi. Da muka zo cike fom 4473, wanda mai sayen bindiga ke cikewa, na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, ya duba takardar umarnin da aka tura ni aiki da ita ya ce ta aikin wucin gadi ce, shi kuma ta canjin sansani na dindindin yake nema tare da katin soja, don tabbatar da cewa ni mazaunin jihar ne. Na nuna masa sashe na 921(b) na dokar bindiga ta tarayya, inda aka ce soja mai cikakken aiki mazaunin jihar da sansaninsa na dindindin yake ne. Ya ce kalmar "dindindin" ɗin ce ta fitar da ni. Wani dilan ma haka ya ce, ya ƙara da cewa sai dai ya aika bindigar wa dila a Jojiya in je can in karɓa, alhali hutu ba ya samuwa yanzu.

Abin ya dame ni ƙwarai, don ba na son ko kusa in rubuta abin da ba daidai ba a fom ɗin, laifi ne babba a dokar tarayya.

Wanda ya san dokar ya taimaka: takardar kiran ɗan ko-ta-kwana zuwa cikakken aiki tana iya mai da shi mazaunin jihar sansanin a ƙarƙashin 921(b)? Na gode.