Ko har yanzu ana iya ja wa mutum layin wayar tarho zuwa inda babu sabis?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san harkar sadarwa. Ni mazaunin Agege ne, amma ina da wurin kiwon shanu da raguna a wani ƙauye da ke bayan Epe, kusa da bakin ruwa, inda mutum uku suke kula mini da dabbobi, ɗaya daga cikinsu yana tare da iyalinsa. Babu kamfanin da sabis ɗinsa yake kamawa a wurin, domin mun gwada layuka huɗu kuma babu wanda ya yi. Idan suna son magana da ni sai ɗayansu ya taka kusan rabin awa zuwa bakin titi. A daminar da ta wuce naƙuda ta kama matar ɗayansu da tsakar dare, kuma sai da aka yi wannan tafiyar cikin ruwan sama kafin a sami mai mota. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin ana iya ja mini layin tarho irin na dā, mai igiya, wanda bai dogara da sabis ba? Idan ana yi, wa zan nema?

Dattijon Obalende:

Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma saka maka da alheri da ka damu da mutanen da ke ƙarƙashinka. Ɗana, wayar da kake nufi na yi amfani da ita shekaru masu yawa, kuma ina ganin gara in gaya maka gaskiya tun yanzu don kada ka ɓata kuɗin mota. Wancan layin na NITEL ne, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, wanda dogon beninsa yake nan a Marina. Ko a lokacin da yake tashe, layukan da ke aiki a ƙasar nan baki ɗaya ba su wuce wajen 400,000 ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. A nan Ikko za ka same su a Ikoyi da Ikeja da Apapa da Surulere, amma ƙauyen bakin ruwa irin wanda ka kwatanta ko a wancan zamanin igiya ba ta isa can ba. Da wayar hannu ta GSM ta shigo a watan Agustan 2001, mutane suka koma kanta, igiyoyin tagulla kuma suka lalace a ƙarƙashin ƙasa, wasu aikin titi ya tsinka su, wasu ɓarayi suka tone. A 2015 aka sayar da kadarorin kamfanin, waɗanda suka saya kuma suka fito da sunan ntel, suka kama harkar layin da ba shi da igiya.

Abin da nake kewa game da waccan wayar shi ne wutarta daga ofishin tarho take zuwa ta cikin igiyar, don haka ko an ɗauke wuta kwana uku za ka ɗaga kan waya ka ji tana aiki. Duk abin da matasa za su ba ka shawara a kai yanzu, ka fara tambayarsu da wace wuta zai yi aiki.

Hajiyar Mile 12:

Malam, ina so in ja hankalinka kan abu guda. Za ka ga wayoyin tebur a kasuwannin Computer Village da Alaba, masu kai da igiya murɗaɗɗiya kamar na dā, kuma mai shago yana iya ce maka ai ita ce wayar gida. Sim ake saka mata a ƙasa, kuma inda wayar hannu ba ta kama ba ita ma ba za ta kama ba. Na taɓa saya wa masu noma mini kayan miya irinta, aka kai ta gona ta zama kayan ado. Kada ka biya kuɗi sai da sharaɗin cewa za ka mayar idan ba ta yi ba.

Injiniyan Ikeja:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma gargaɗin Hajiya yana kan hanya, sai dai akwai abin da zan ƙara a kansa. Layin girke, wato layin tarho na gida ko ofis, bai mutu ba a Legas, siffarsa ce ta sauya. Bankuna da manyan ofisoshi suna da shi har gobe, kuma tun farkon 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ƙara 02 a gaban lambobinsa, shi ya sa lambar Legas da muka sani da 01 ta koma 0201. Amma muryar yanzu ta cikin intanet take bi, galibi ta wayar fayiba, wato igiyar intanet ta zaren gilashi. Kamfanin da zai ja fayiba yana lissafin gidaje nawa zai samu a kan hanya, ga kuɗin izinin haƙa da zai biya, saboda haka ba zai ja kilomita da yawa don gida ɗaya ba, kuma idan ya yarda, kuɗin da zai caje ka sai ya ci shanu da dama.

Ni a ganina kada ka fara da sayen komai. Ka fara da gwaji, domin kalmar "babu sabis" sau da yawa tana nufin babu shi a tsayin mutum. Itatuwa masu duhu da wuraren da ƙasa ta yi kwari suna rage ƙarfin sigina, amma a kan ruwa tana tafiya da nisa. Tunda tafiyar rabin awa ce kawai ta raba ku da inda ake samu, akwai alamar turken sadarwa bai yi nisa sosai ba. Ka sa wani ya hau kan tankin ruwa ko rufin ɗaki da waya, ya tsaya minti biyar a kowace fuska, da safe da kuma dare, ya gwada kowane layi. Ya fi kyau a gwada da ƙaramar waya mai madannai, ko a saita babbar a kan 2G, wato tsohon tsarin sabis, domin zangon 900 MHz da yake amfani da shi ya fi kai wa nesa. Idan aka sami ko sanda ɗaya ta alamar sabis da ba ta ɓacewa, to an gama rabin aiki: sai a kafa dogon bututun ƙarfe, a ɗaura eriya mai fuskantar turken, a sauko da igiyarta zuwa wayar tebur mai wurin jona eriyar waje. A nan ne irin wayar da Hajiya ta ambata take da amfani. A sa na'urar kare tsawa a jikin ƙarfen, wannan ba abin wasa ba ne a daminar Legas.

Ka guji akwatin ƙara ƙarfin sabis da ake tallarsa a kasuwa. NCC ta hana mutane kafa shi da kansu, saboda yana dagula wa maƙwabta layi.

Idan kuwa aka hau sama ba a sami komai ba, abin da ya rage shi ne tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ba ya bukatar turke ko igiya, sararin sama kawai yake so ba tare da reshen itace ya tare shi ba. Da shi mutanenka za su kira ka ta WhatsApp, kuma kana iya karɓar lambar girke daga kamfani mai lasisi ka jona wayar tebur a kan intanet ɗin. Kuɗin wata-wata yana da nauyi idan kira kawai ake so, sannan dole a tanadi sola da batir da za su riƙe shi har asuba, wanda shi ne abin da Baba ya hango. Akwai kuma wani gibi da ya shafi ainihin damuwarka: WhatsApp ba ya kiran 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar nan. Idan ka ɗauki lambar girke ta intanet, ka tambayi kamfanin a rubuce ko tana shiga waɗannan lambobin. Wayar Thuraya, mai kira kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, ita ma tana nan, amma kiranta yana da tsada, ta fi dacewa a ajiye ta don larura kawai.

A gefe guda, ka haɗa kai da baale, wato mai garin ƙauyen, a rubuta wa kamfanoni da NCC takarda da sunan al'umma. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don kai sabis wuraren da aka bari a baya. Abin yana ɗaukar lokaci, amma koken gari ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na haƙura da maganar igiya. Hajiya, da ba ki yi magana ba da jibi na sayi wayar, domin har na riga na yi ciniki. Injiniya, akwai tankin ruwa a wurin mai tsayin bene ɗaya, kuma ranar Asabar in Allah ya yarda zan je da kaina da layuka huɗun in gwada yadda ka ce. Tambayata ita ce, idan aka sami sabis a kan tankin amma ɗakin da suke kwana yana da ɗan nisa da shi, ana iya jan igiyar eriyar har can?

Injiniyan Ikeja:

Ana iya ja, amma duk tsawon da igiyar ta ƙara, ƙarfin siginar raguwa yake yi, kuma sanda ɗaya ba ta da rarar da za a yi asara. Ya fi kyau a kafa ƙarfen a jikin ɗakin, ko a ajiye wayar a rumfa kusa da tankin. Ka auna tazarar da taku ranar Asabar, ka kuma rubuta layin da ya kama da fuskar da ya kama, sai mu san irin eriyar da za ka nema.