Wa ya san "Always Somewhere" ta Scorpions?

Direban Dare:
Salamu alaikum. Shekaranjiya ina kwashe kayan marigayi kawuna na ci karo da kaset ɗin Scorpions, ƙungiyar mawaƙa daga garin Hannover na Jamus, mai suna Lovedrive, na 1979. Na sa a tsohuwar rediyonsa. Waƙoƙi biyu na farko duk ƙarar jita ce, har maiɗakina ta leƙo ko lafiya. Sai ta uku ta shigo a hankali, "Always Somewhere". Mawaƙi ne a kan hanya, an tashi daga wasa da dare, ya koma otal ya buga wa masoyiyarsa waya, layi bai shiga ba. Ni da rabin kwanana a tashoshin hanyar Kano zuwa Legas nake yin sa, sai da na zauna. Me ya sa kowa waƙarsu "Wind of Change" ya sani, wannan ko ambatonta ba a yi?

Tsohon Malami:
Allah Ya jiƙan kawu. Ai "Wind of Change" sa'ar lokaci ta taka. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, waƙar ta fito a 1990, duk inda aka nuna rushewar katangar sai ka ji fiton Klaus Meine, mawaƙin ƙungiyar, da ke cikin waƙar. Taka kuwa a 1979 ko MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi, babu, sai 1981 aka buɗe ta. Kuma masu sayen faifansu a lokacin hayaniya suke biɗa.

Mai Gyaran Rediyo:
Tana da daɗi, amma kada a zuzuta. Ka saurari farkon "Simple Man" ta ƙungiyar mawaƙan Amurka Lynyrd Skynyrd, 1973, ka dawo ka saurari farkon wannan. Kamar an tsaga kara. Ni "Holiday" na fi so, ita ce ta ƙarshe a kaset ɗin. Ka goge kan rediyon da auduga kafin ta cinye maka zaren.

Maman Biyu:
Malam direba, nawa maigidan ma tirela yake ja. Ku kullum ku ne abin tausayi a waƙa. Ita da ke gida tana jiran waya har ɗaya na dare, wa ya rera mata?

Direban Dare:
Hajiya, na karanta wa maiɗakina amsarki, ta ce a gaishe ki da kyau. Mai Gyara, ka makara, zaren ya naɗe tun jiya. Da biro nake ta juya shi.